Yadda Ake Cire Allon Kallo na Kujerun Baya a Motar Alfarma

Kwance allon kallon da ke bayan kujerun gaba a mota irin su Mercedes S-Class, BMW 7 Series, Range Rover ko Lexus LX 570 ba wani aiki ne mai wuya ba. Kusoshi biyu ne zuwa huɗu, sai fulogi ɗaya ko biyu. Ciwon kan yana zuwa ne daga baya: fitilar jakar iska ta kama a dashbod ta ƙi mutuwa, ko rediyo ta yi gum, ko a bar rami a bayan kujerar fata mai tsada a rasa abin rufe shi. Duk ukun nan tun kafin a ɗauki sukundireba ake maganinsu.

Dalilan cirewa ba su da yawa. Zafin rana ya dafa allon har gefensa ya yi baƙi, ko yara sun fasa shi da ƙafa, ko na'urar ta daina barci tana shanye batir cikin dare. Akwai kuma matsalar faifai: motar da aka yi wa kasuwar Amurka faifan DVD na yanki na 1 take karɓa, ta Turai na yanki na 2, alhali Najeriya da Nijar suna yanki na 5. Ga shi yanzu kowa da wayarsa a hannu, sai allon ya zama kaya kawai yana tokare gwiwar mai zama a baya.

Fara gane irin wanda ke motarka

Akwai wanda aka dasa a cikin matashin kai, kamar na Range Rover samfurin L322 da wasu na samfurin L405. Wannan ba allo kaɗai ake cirewa ba, matashin ake canzawa gaba ɗaya. Akwai wanda ke tsaye a kan ƙarfe a bayan majinginar kujera, kamar na BMW 7 Series samfurin F01 na 2008 zuwa 2015, da Mercedes S-Class samfurin W222 na 2013 zuwa 2020, da LX 570 daga 2016 mai alluna biyu masu inci 11.6. Akwai na rufi mai naɗewa, irin na Cadillac Escalade da LX 570 na farko. Sai na kasuwa, wanda wani mai rewaya ya ɗaura a sandunan matashin kai bayan motar ta bar kamfani.

Kafin komai ka shafa bayan allon da ƙasansa ka ji ko akwai maɓallin saki. Wasu, kamar na wasu Audi Q7, kwamfutar hannu ce da ke zare kanta daga mazauni. An sha ɓalle roba a banza a kan allon da danna maɓalli ɗaya zai fitar.

In kana shakkar na kamfani ne ko na kasuwa, lambar shasi za ta raba gardama, domin da ita ake fitar da jerin kayan da kamfani ya saka wa motar. A jerin kayan da Mercedes ta fito da su, lamba 864 ita ce ta na'urar kallon baya. A BMW kuwa 6FG ce ko 6FH.

Allo kaɗai, ko har da akwatinsa?

Wannan ita ce shawarar da ta fi kowace nauyi a aikin. Allon da kake gani ba shi ke sarrafa hoto ba. Akwai akwati a ɓoye, a ƙarƙashin kujera, ko a bayan kwansol na tsakiya, ko a gefen but, sau da yawa shi ne mai bakin saka faifai. Daga can hoto ke tahowa allon ta waya mai sulke.

A yawancin motocin Jamus da Range Rover na waɗannan shekaru, wannan akwatin yana cikin wani zobe da ake kira MOST. Wayar haske ce ta roba, ba ta tagulla ba, da ke tashi daga rediyon gaba ta shiga amfilifaya, ta fita ta shiga akwatin waya, ta shiga na kallon baya, ta zagayo ta koma inda ta fito. Kowane akwati yana karɓar hasken ya sake hura shi ga na gaba, kamar leburori masu miƙa kwanon kankare hannu zuwa hannu ranar zuba rufin bene: mutum ɗaya ya bar layi, aiki ya tsaya. Shi ya sa in ka zare akwatin kallon baya, sauti zai ɗauke a motar gaba ɗaya, wani lokacin allon gaba ya yi ta mutuwa yana dawowa, ko ya daskare a kan tambarin kamfani.

Haka ma zare fis ɗin akwatin. Mutane na ɗauka hanya ce mai sauƙi ta kashe na'urar, amma akwatin da ba wuta ba ya miƙa haske, don haka zoben ya tsinke ke nan.

Shawararmu ita ce: in akwatin lafiyarsa ƙalau, ka cire alluna ka bar shi a inda yake. Ba ya tare wa kowa hanya. Ba a taɓa shi sai in shi ne mai shanye batir, ko ruwa ya shige shi yana tsinka sauti. A nan ne ake buƙatar madaukin faiba, wato ɗan gajeren fulogi mai lanƙwasasshiyar wayar haske da ke haɗa mai shiga da mai fita. Za a zo kan yadda ake saka shi.

Lexus da Toyota tsarinsu daban. Akwatunansu da wayar tagulla suke magana da juna, madaukin faiba ba shi da wurin shiga. A wasu samfuran su ma a jere suke, cire ɗaya yana shafar sauran, saboda haka a LX 570 ko Land Cruiser barin akwatin ya fi ma zama dole.

Abin da za a tanada

Abin rufe gurbi shi ne na farko, ba kayan aiki ba. Kada ka kwance komai sai marfin bayan kujera marar ramin allo, ko matashin kai marar allo, yana hannunka. Ana samun na Beljiyam a kasuwannin kayan mota irin su Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Apo a Abuja ko Ladipo a Legas. Ka tafi da lambar shasi da hoton kujerar a hasken rana, domin fata ruwan ƙasa kala-kala ce, wadda ta yi daidai a cikin rumfa tana iya bambanta a waje. Ka kuma tambaya ko na hagu da na dama ɗaya ne, a wasu kujerun ba sa musanyuwa.

Kayan aikin su ne: cokulan roba na ɓamɓare marfi, sukundireba mai bakin tauraro lamba T20, T25 da T30, soket mai lamba 8 da 10, sifana 10 don kan batir, ƙaramar filaya mai dogon baki, tocila, salatif na yadi irin na naɗe wayoyin mota, igiyoyin roba na ɗaure waya kamar 10, kilif na marfi guda 6 zuwa 8 na ko-ta-kwana, da tsohon bargo. Baƙin salatif na lantarki bai dace da cikin kujera ba. Da motar ta sha rana sau biyu sai ya narke ya warware, ya bar danƙo a jikin fulogi.

Sukundireba ta ƙarfe kuwa kada ta kusanci fata ko katakon ado. Tabo ɗaya a jikinsu ya fi kuɗin allon.

Shirya motar tun da sauran wuta

A yi aikin a inuwa, amma ba da sanyin asubahin hunturu ba. Robar da ta shekara goma ta riga ta bushe, in ta haɗu da sanyi karyewa take maimakon lanƙwasa.

Akwai abubuwan da dole a yi kafin a cire batir, domin komai na waɗannan motoci da lantarki yake motsi. Fitar da faifan da ke cikin na'ura. Tura kujerun gaba can gaba, ka ɗaga su sama don ƙarƙashinsu ya buɗe. Majingina ta tsaya kusan a miƙe. In matashin kai za ka cire, ɗaga shi iya ƙarshensa, ka ɗan kwantar da majinginar baya yadda sandunan za su fita ba su tokari rufi ba. Sauke gilashin direba. Sannan ka kunna na'urar kallon, ka gwada rediyo da duk sifikoki, ka ɗauki hoton dashbod da injin a kunne. Wannan hoton ne shaidarka a kan fitilun da ke kunne tun kafin ka taɓa motar.

Yanzu kashe mota, ka nisanta makulli da ita, ka ba ta 'yan mintuna kwamfutocinta su lafa. Batir ba lallai yana gaba ba. A BMW F01 da Range Rover L405 yana cikin but. Mercedes S-Class samfurin W221 na farko-farko batir biyu gare ta, na tayar da inji a gaba, na sauran kayan lantarki a baya, kuma duka biyun ake cirewa. In batir na but ne, ɗora tsumma a kan makullin but ɗin don kada ya rufe, in ya rufe babu wuta sai an sha wahala kafin ya buɗe.

Kan batir da ke da alamar ragi ake kwancewa, a naɗe shi da tsumma a kawar gefe yadda ba zai dawo ya taɓa ba. A BMW akwai ƙaramar na'urar auna batir a manne da wannan kan, da siririyar waya. Kada a murɗa ta ko a buga ta da sifana.

Sai jira. Kwamfutar jakar iska tana riƙe da ragowar wuta bayan an cire batir. Littafin gyaran Toyota da Lexus ya ce a jira aƙalla daƙiƙa 90, wasu kamfanonin sun fi haka. Ka ba ta minti 10 ka huta da lissafi. Wannan jiran ba tsoro ba ne: a cikin majinginar da za ka zura hannu akwai jakar iska ta gefe, a ɓangaren da ke kallon ƙofa.

Allon da ke bayan majingina

Shimfiɗa bargo a ƙasa, ka zauna a kujerar baya da tocila. A gindin allon, inda ƙarfensa ya shiga kujera, akwai ƙaramin marfin roba mai ɓoye kusoshi. Zura cokalin roba a gefensa ka ɗan murɗa, zai ɓalle. In ka ga kusoshin tauraro a nan, sassauta su duka tukuna, kada ka fitar da ɗaya gaba ɗaya sauran na ɗaure. Tallafe allon da hannu ɗaya, sannan ka ƙarasa. Da ya saki kada ka ja shi, wayar da ke bayansa ba ta fi tsawon tafin hannu ba.

A kujeru da yawa fulogin ba a bayan allon yake ba, yana cikin majingina, dole a buɗe babban marfin baya. Nan ne aka fi yin ɓarna, saboda marfin ba kilif kaɗai ke riƙe da shi ba. Gefe ɗaya kilif ne ko kusoshi, ɗaya gefen ƙugiyoyi ne da ke rataye a jikin ƙarfen kujera. Leƙa ƙasan marfin da tocila. In akwai kusoshi biyu, ko madaurin roba da ya zagaya ƙarƙashin kujera, fara da su. Sai ka ja ƙasan marfin zuwa gare ka kaɗan, kamar faɗin yatsu biyu, ka gwada zame shi ƙasa ko sama. Ta inda ya yarda ya motsa, ta nan ƙugiyoyin ke fita. Wanda ya fizge shi kai tsaye zai ji ƙas, kuma ƙugiyar da ta karye ba ta ɗinkuwa da gam, marfin zai yi ta kaɗawa a kan hanya.

Marfin na iya ɗauke da waya ta fitilar ƙafa ko ta ado. Zare ta kafin ka ajiye shi.

Da ka buɗe, ɗauki hoto kafin ka taɓa komai. Za ka ga siraran bututun iska na matashin ƙugu da na tausa, da fankar sanyaya kujera, da damin wayoyi. Duk fulogi ko waya mai ruwan ɗorawa ta jakar iska ce. Ba ruwanka da ita: kada ka zare ta, kada ka ja ta, kada ka ɗora mata mitar auna lantarki don gwaji, domin 'yar wutar da mita ke turawa na iya tayar da jakar.

Bi wayar allon da yatsa daga inda ta shigo har zuwa fulogi. Galibi biyu ne, na wuta mai kusurwa huɗu, da na hoto mai zagaye da kai mai launi. Kowanne yana da harshen da ake dannawa, wasu kuma da ƙaramin makulli da ake fara ja baya kafin harshen ya danne. Riƙe jikin fulogin, ba wayar ba. In ya ƙi fita, akwai makullin da ba ka gani ba, ƙarfi ba zai fitar da shi ba sai dai ya fasa shi.

Ƙarfen da ke riƙe da allon a jikin firam yakan zo da noti ko kusoshi biyu zuwa huɗu. Kwance shi in sabon marfin ba zai zauna a kansa ba. Toshe ƙasan majingina da tsumma kafin ka fara, don notin da ya faɗa cikin kujera ko cikin layin dogonta zai yi ta ƙara, ko ya tsayar da kujerar.

Allon da ke cikin matashin kai

Wayar wannan ta cikin sandar matashin take bi, sandar rami ce. Saboda haka sai an buɗe marfin baya an zare fulogi daga ciki, sannan matashin ya fita. Wanda ya danna maɓalli ya fizge shi sama ya tsinke wayar a cikin sanda.

Matashi na hannu yana da maɓalli a gindin sanda, wani lokacin da ƙaramin rami a ɗaya gindin da ake danna wa siririn ƙarfe. Na lantarki kuwa sandarsa a kan keken ƙaramin injin da ke ɗaga shi take a cikin majingina, da kilif na ƙarfe ko na roba. Saki kilif ɗin da filaya, ka ja matashin sama a hankali, ɗaya hannun yana ciyar da waya ta cikin ramin har fulogin ya wuce.

Ga inda ake yin kuskure mai haɗari. Matashin kai na waɗannan motoci kayan kariya ne. Mercedes tana da tsarin NECK-PRO da ke tunkuɗo matashin gaba idan an bugi motar ta baya. Na wasu BMW yana da ƙaramin harsashin gas da ke haɗe da kwamfutar jakar iska. In ka ga waya ta biyu tana shiga sandar, ba ta allo ba ce. Matashin da za ka saka dole ya zama irin wannan tsarin, da fulogi iri ɗaya. In ka saka marar waya, fitilar SRS, wato ta jakar iska, za ta kama, kuma wuyan mai zama ya rasa kariyarsa. Kaurin sanda da tazarar da ke tsakaninsu ma sun bambanta daga mota zuwa mota, auna su kafin ka biya kuɗi. Yawo da kujera babu matashi ko na kwana ɗaya ne bai kamata ba.

Akwai masu ƙwaƙule allon su cusa soso a ramin, mai ɗinkin kujera ya rufe da fata. A matashi marar na'urar kariya yana yiwuwa in mai ɗinkin gwani ne. A mai na'ura kuwa a'a, ɗinki na iya hana shi buɗewa ranar da ake buƙata.

Na rufi da na kasuwa

Na rufi aikin mutum biyu ne, da hannu mai tsabta, don silin mai haske ba ya yafe maiƙo. Buɗe allon, ɓamɓare zoben robar da ke kewaye da shi, za ka ga kusoshi, galibi huɗu. Ɗaya ya tallafe, ɗaya ya kwance, a sauke shi kaɗan a zare fulogi. Fitilun tsakiya da na'urar aika sauti zuwa hedifon sukan kasance a jikinsa, don haka za a rasa su. Babbar matsalar ita ce ramin da zai bari. Rufe shi da kyau na nufin canza silin gaba ɗaya, wanda ke buƙatar kwance marfin ginshiƙai inda jakunkunan iska na labule suke. A ganinmu bai kai wahalarsa ba. Sauke shi, zare fulogin allon, mayar da shi a naɗe, magana ta ƙare.

Na kasuwa sauƙin kwancewa gare shi, maƙale yake a sanduna. Wahalarsa a waya take, don ba a san inda mai rewayar ya saci wuta ba. Bi wayar har tushe, ƙarƙashin kafet ko bayan soket na sigari ko akwatin fis. Inda aka feɗe wayar mota aka murɗa tasa a kai, warware ta, ka duba ko zaren tagulla bai ragu ba, ka rufe da robar da ke tsukewa da zafi.

Wayoyin da suka rage

Wayar kamfani ba a yanke ta. Naɗe kan kowane fulogi da salatif na yadi, sannan ka ɗaure shi a jikin damin wayoyin da ke wurin, ba a jikin ƙarfe mai motsi ba, ba kuma a jikin wayar ruwan ɗorawa ko bututun iska ba. Igiyar ɗauri ta kama kawai, kada ta shaƙe. Fulogin da aka bari yana lilo zai riƙa bugun firam, ƙarar da za ta sa a yi ta neman laifi a ƙafar mota. Kuma mai sayen motar nan gaba na iya son allonsa, waya lafiyayya ita ce bambancin aikin rabin awa da na kwana biyu.

In za a cire akwatin

Fulogin faiba baƙi ne, da wayoyi biyu masu ɗan kauri, galibi ruwan lemo ko kore, da kibiyoyi masu nuna shiga da fita. A wasu akwatunan yana zaman kansa, a wasu yana cikin babban fulogin wuta, sai an zare shi daga ciki. Madauki iri biyu ne, mace da namiji, duba bakin fulogin motarka kafin ka saya. Tura shi har ka ji ƙas.

Faiba ba ta son abu biyu: lanƙwasa da ƙura. Kada a lanƙwasa ta fiye da yadda za ta zagaya da'ira mai faɗin santimita 5. In ta karye a ciki ba a gani daga waje, sai dai sauti ya riƙa yankewa. Kada a taɓa bakinta da yatsa, kada kuma a bar shi a buɗe cikin ƙurar hunturu, a saka madaukin nan take. Fulogin wutar akwatin a naɗe shi kamar sauran.

Mayar da wuta da gwaji

Kada ka rufe marfin baya tukuna. Kwatanta abin da ke gabanka da hoton da ka ɗauka, ka tabbata babu fulogin da ke zare sai na allo. Dalili: in aka kunna mota da fulogin kujera ɗaya a zare, kwamfutar jakar iska za ta rubuta laifi, kuma a yawancin waɗannan motoci fitilar ba ta mutuwa ko an mayar da fulogin, sai an goge da kwamfutar gwaji.

Mayar da kan batir ka ɗaure. Kunna motar kana tsaye a waje, ta gilashin da ka sauke, babu kowa a ciki. Fitilar jakar iska za ta kama na 'yan daƙiƙu ta mutu, haka ya kamata. Gwada rediyo, waya, da ƙarar na'urar fakin. Sannan motsa kujerar zuwa ƙarshen kowace hanya, gaba, baya, sama, ƙasa, kwanciya, kana kallon wayoyin da ka ɗaure ko akwai mai miƙewa ko mai shiga tsakanin ƙarfe. In komai daidai, rataya ƙugiyoyin marfin tukuna, sannan ka buga wajen kilif da tafin hannu.

Cire batir yana sa mota mantuwa. Gilashin da ya daina hawa da taɓawa ɗaya, ɗaga shi har ƙarshe ka ci gaba da riƙe maɓallin na 'yan daƙiƙu. In fitilar ESP, ta na'urar hana santsi, ta kama a Mercedes, juya sitiyari ƙarshen hagu da ƙarshen dama da injin a kunne. Agogo kuma a saita.

In sauti ya ɗauke, koma kan zoben. Zare madaukin ka duba bakin faiba daga gefe lokacin da aka kunna rediyo. Jan haske mai ƙyaftawa a waya ɗaya na nufin saƙo yana isowa, laifin yana madauki ko gaba da shi. In babu haske ko kaɗan, an tsinke ko an lanƙwasa faiba kafin wurin.

Ko da komai na aiki, motar tana nan da sanin cewa tana da na'urar baya. Menu ɗinta zai ci gaba da fitowa a allon gaba, kuma kwamfutar gwaji za ta nuna laifin rashin jin akwatin. Wannan ba ya hana tafiya. Mai son a share shi sai ya je wurin mai manhajar kamfanin: Xentry ga Mercedes, ISTA ko E-Sys ga BMW inda ake cire 6FG ko 6FH daga jerin kayan motar, SDD ko Pathfinder ga Range Rover, Techstream ga Lexus. A sa ya adana saitin asali kafin ya canza komai, kuma a jona caja a batir lokacin aikin, don wutar da ta faɗi a tsakiyar rubutu tana iya kashe akwati.

Motocin Lexus da Toyota da aka yi wa Amurka suna da ma'aunin nauyi a kujerar fasinja ta gaba, wanda ke yanke ko jakar iska za ta buɗe wa mai zama. Littafinsu ya ce a sake saita sifilin ma'aunin in an kwance kujerar ko an canza abin da ke jikinta. Allo da ƙarfensa nauyi ne da aka rage, don haka a yi wannan saitin da Techstream, kujerar babu komai a kai, motar a shimfiɗaɗɗen wuri. Wannan ma dalili ne na kada a kwance kujera daga ƙasa in ba dole ba.

In shan batir ne ya kawo aikin, tabbatar da shi da mita. Kulle motar, ka ba ta kamar minti 30 ta yi barci, ka auna abin da take ja. Ƙasa da miliyamfiya 50 lafiya ne. In ya zarce haka sosai bayan an cire akwatin, ɓarawon wutar yana wani wuri, sai a bi fis ɗaya bayan ɗaya. Kada a tayar da inji mita na jone a tsakanin batir da wayarsa, fis ɗin mitar zai ƙone.

Allunan da aka cire a rubuta hagu da dama a bayansu, don wasu ba sa musanyuwa. Haɗa su da ƙarfensu da kusoshinsu da rimot da hedifon a kwali ɗaya, da yadi mai laushi a tsakanin fuskokinsu. Fitar da ƙananan batura daga rimot da hedifon kafin ajiya, in sun daɗe suna zubar da ruwa su cinye ƙarfen ciki. Kwalin ya zauna a ɗaki, ba a but ɗin mota ba.